Jana'izar Adalci: faifan da masu sayensa ba su jin maganarsa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Adar, daga Madawa zuwa Buza, daga Tama zuwa Kaita, ya san rumfar mai cajin salula. Ba ta da wuyar ganewa: tebur ne wayoyi sun sarƙe a kansa kamar saƙar gizo, da farantin hasken rana bisa rufi ko ƙaramin inji yana tari a bayan zana, ga samari tsaitsaye kowa yana jiran tasa. A nan ne mutumin karkara yake sayen kiɗa, ba a wani kanti ba. Ya miƙa katin memori da 'yan dalolinsa, a zuba masa wa'azi, da waƙoƙin fina-finan Kano, da Ɗanƙwairo, da jitar Abzinawa, duk a tukunya guda. Babu rasit, babu hoto a bango, sau da yawa ma babu sunan mawaƙin. Waƙa in ta yi daɗi ta zauna, in ba ta yi ba a share ta kasuwa mai zuwa.

A cikin irin wannan tukunya ne muryar Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ta fara yawo tun ba a san mai ita ba. A lokacin waƙoƙin soyayya yake yi masu laushi, irin waɗanda direban kamyo ke saki da dare don kada barci ya sace shi. Shekara 16 bayan haka, ranar 3 ga watan Mayu na 2024, kamfanin Matador na birnin New York ya fitar masa da faifai mai suna Funeral for Justice, wato Jana'izar Adalci. Jaridun Amurka da na Ingila sun yi ta yabonsa, har da yawa daga cikinsu suka sa shi cikin fitattun faya-fayan shekarar. Amma wanda ya san tsohuwar muryar, in aka kunna masa sabon faifan ba tare da an gaya masa ba, abin da zai fara yi shi ne ya duba ko lasifikarsa ce ta fashe.

To, me ya kai ɗan jihar Tawa daga wancan laushi zuwa wannan ƙara? Kuma wa yake yi wa magana? Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi.

Jitar wayar birki

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a ƙasar Azawak, arewa da Adar, yankin Abalak da Cintabaraden, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin uraniyom. Gidansu gidan addini ne, inda ake ganin jita a matsayin hanyar lalacewa. Tun da babu mai saya masa, sai ya sassaƙa tasa da katako, ya ɗaura mata wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Bahago ne kuma, saboda haka ko da ya sami aron ta gaske sai ya juya ta.

Wanda ya ɗauke masa hankali shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Ma'aikatan da suka yi aiki a arewa cikin shekarun 1990 ba su buƙatar a gaya musu ko wane ne wannan. Bayan abin da ya auku a Cintabaraden a watan Mayu na 1990, da tawayen da ya biyo baya, kaset ɗin Abdallah ba abin da ake kunnawa a bainar jama'a ba ne. Ɓoye shi ake yi, a kwafa a miƙa daga hannu zuwa hannu. Sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama ta bikin haɗin kan 'yan ƙasa, sa'an nan jitar ta fito fili, ta zama kiɗan biki da na yaƙin neman zaɓe. Ke nan tun daga tushe wannan kiɗa ɗauke yake da magana, kuma ya saba da tafiya ba tare da takarda ba.

Kamar dubban samarin jihar, Mahamadou ya tafi biɗa Libiya. Wannan ba labari ba ne ga mutumin Buza ko na Kaita, inda in an kare girbi wasu garuruwan ke komawa na mata da tsofaffi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu jita na zamaninsa shi ne inda ya dosa da ya tashi ɗaukar waƙoƙinsa na farko. Bai nufi Yamai ba, bai nufi Agadas ba. Kudu ya yi, hanyar da albasa da dabbobi ke bi, ya sauka Sakkwato a 2008.

Sakkwaton wancan lokaci, kamar Kano da Kaduna, cike take da ƙananan situdiyo masu haɗa waƙoƙin fim. Salonsu sananne ne: fiyano mai ƙwaƙwalwa shi ne ganga shi ne sarewa, karin waƙa yana da ƙanshin fina-finan Indiya waɗanda Hausawa suka shekara da shekaru suna kallo, muryar kuwa a bi da ita ta cikin Auto-Tune. Wannan dabara ce ta kwamfuta da kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997 domin a daidaita muryar mawaƙi in ta ɗan kauce, ba tare da mai sauraro ya lura ba. Mawaƙiya Cher ce ta fara murɗa ta har ƙarshe a 1998, muryar ta riƙa karyewa kamar ta ƙarfe. Masu situdiyon ƙasar Hausa kuwa suka mai da wannan karyewar ado, har ta zama in babu ita kamar miya ce ba gishiri. A cikin wannan injin ne Mdou Moctar ya zuba waƙoƙin Tamajak da jita marar wuta, aka sami kundin da ake kira Anar. Muryar Ba'abzine sanye da rigar mawaƙin fim ɗin Hausa: ba a saba jin haka ba, kuma ta shiga kunne nan da nan.

A lokacin ba a buga Anar a faifai ba, ba a kai shi kanti ba. Ta Bluetooth da katin memori ya bazu, daga salula zuwa salula, a tasha da bakin rijiya da cikin motar haya, har ya ƙetare iyaka zuwa Mali da Aljeriya. Mai waƙar ya yi suna, amma sunan ba ya biyan kuɗin shayi. A garin Kidal na ƙasar Mali ne wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya riƙa musayar waƙoƙi da samari daga salularsu. A 2011 ya tattara wasu ya buga su a faifai da ya sa wa suna Music from Saharan Cellphones, ma'ana kiɗan salulolin Sahara, kuma waƙar da ta fi ɗaukar hankali a ciki ita ce "Tahoultine" ta Mdou Moctar. Sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano mai ita, domin ya biya shi haƙƙinsa. Abin lura ga 'yan kasuwa: haja ta fita daga Sakkwato, ta zaga hamada, sai a bakin tekun Amurka aka fara rubuta mata farashi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaraden. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas, kwaikwayon fim ɗin Prince na 1984, Purple Rain. Da yake masu fim ɗin sun ce Tamajak ba ta da kalma guda ta shunayya, sai sunan ya koma ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. A 2019 ya fitar da Ilana, wanda ya ɗauka a birnin Detroit tare da cikakkiyar ƙungiya, a 2021 kuma Afrique Victime ya fito a Matador. Ƙungiyar ta tsaya kan mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar bas wanda kuma shi ne ke haɗa sautin.

Abin da ke cikin faifan

Waƙa 9 ce a Jana'izar Adalci, duka ba su cika minti 40 ba. An ɗauke su cikin kwana 5, a wani gida da kusan babu kaya a cikinsa a arewacin jihar New York, bayan ƙungiyar ta shafe kimanin shekara biyu tana yawon wasa. Gajiyar hanya da sabon da mutum huɗu suka yi da juna duk ana jin su.

Babu sallama. Waƙar farko, wadda ta ba faifan sunansa, tana faɗowa ne kamar an banko ƙofa: jita da ganguna a lokaci guda, da ƙarfi, sa'an nan su tsaya cak, su sake faɗowa. Shugabannin Afirka ake yi wa magana, a kan barin dukiyar ƙasa a hannun baƙi. Waƙa ta biyu, "Imouhar", ita ce ta fi wayo. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, a dishe, kamar tsohon kaset da rana ta gasa a gaban mota, har mai sauraro ya kai hannu ya ƙara murya. Daidai lokacin ne za ta fashe masa a fuska. Wanda ya haɗa wannan ya san abin da yake yi: ya ɗora sautin salular jiya da na babban dandalin yau a kan faranti ɗaya, ya bar kunne ya auna tazarar da ke tsakaninsu.

Amma inda canjin mutumin ya fi fitowa fili shi ne a "Sousoume Tamacheq". Waƙar ba sabuwa ba ce. A 2017 ya taɓa fitar da kundi mai wannan suna, shi kaɗai, cikin natsuwa, irin kiɗan da ake yi bayan isha'i ana jiran shayi na uku. A sabon faifan ya ɗauko waƙar nan ya sa mata wuta. Tana buɗewa da kukan lasifika, wato ƙarar nan mai huda kunne da ke tashi in an kusantar da jita ga akwatinta, wadda kowane mai haɗa sauti yake gudu. Shi kuwa kiranta yake yi da gangan, ya riƙe ta, ya lanƙwasa ta. Gangunan Souleymane Ibrahim suna sukuwa, suna ƙara sauri kamar raƙuman da aka saki ranar gasa, har mutum ya ɗauka yanzu komai zai watse, amma bai watse ba. Akwai wuraren da yatsun hannu biyu ke dukan wuyan jitar maimakon kaɗa tsirkiya, dabarar da ya ce ya tsinta bayan an nuna masa hotunan Eddie Van Halen, ya kuma sarrafa ta yadda ta dace da shi.

Ba duka ne hayaniya ba. "Takoba", wato takobi, tana tafiya a hankali da rangaji. "Tchinta" ta ɗauki sunan Cintabaraden. "Oh France" kuwa sunanta ya isa bayani. Ta ƙarshe, "Modern Slaves", wato bayin zamani, tana saukowa da amshi mai sanyi, kamar mutanen da suka dawo daga maƙabarta.

Masu sharhi na ƙasashen waje sun fi son su kira shi Hendrix na Sahara, tun da shi ma Jimi Hendrix bahago ne. Wasu kuma suna sa wasu sassan faifan cikin abin da Faransawa ke kira avant-garde, wato aikin 'yan sahun gaba waɗanda ke karya ƙa'ida da gangan su ga abin da zai fito. A nan kuwa akwai abin dubawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin bikin aure a Abalak ko Agadas, ko a unguwannin Abzinawa na Tawa, ya san wannan ƙara ba daga New York ta zo ba. Injin wuta yana sama yana ƙasa, akwatin sauti ƙarami ne an murɗe shi har iyaka domin na bayan fili su ji, lasifikar ta tsage tun bara, ƙura ta shiga ko'ina, makaɗa kuma suna ƙara sauri saboda masu rawa ba su yarda a sassauta. Abin da a wurin biki larura ce, shi ne Coltun da Moctar suka ɗauko suka mai da shi zaɓi. Ƙarƙashin hayaniyar kuwa, amon takamba ne, wanda asalinsa molon Abzinawa ne da ƙwarya, da na tende, turmin nan da ake ɗaure wa fata mata su kewaye shi da tafi. Ashe baƙon da ake ta yi wa marhabin ɗan gida ne ya sake riga.

Ba kuma shi ne ɗan Nijar na farko da waje ta ba wannan laƙabi ba. Tsofaffin ma'aikata suna tune da wani kiɗan fiyano mai sanyi, marar waƙa, da rediyo da talabijin na ƙasa suka daɗe suna sakawa tsakanin shiri da shiri. Na Mamman Sani Abdoulaye ne, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa a ƙarshen shekarun 1970. Jama'a sun sha jin sa suna jiran labarai, ba wanda ya ce da shi ɗan sahun gaba. Sai da Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013 sa'an nan aka ji Turawa suna kiransa majagaba. Abin naka sai ya yi tafiya yake samun suna.

Magana ta riga lokacinta

An gama ɗaukar faifan kafin 26 ga Yuli 2023. A ranar da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar tana tsakiyar yawon wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, aka rufe sararin sama, 'yan Nijar ukun suka maƙale a can, har sai da masu ƙaunar kiɗansu suka yi karo-karo ta intanet domin a ɗauki nauyin zamansu. Abin da ya faru a gida kuwa ba sai an tuna wa mai karatu ba. Takunkumin CEDEAO ya sauka ranar 30 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da ƙasar ta fi dogara da ita, ƙofar Ƙonni da Illela ta rufe, albasar Galmi ta riƙa ruɓewa a cikin buhu, kuɗin shinkafa da na magani suka hau. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024.

Kafin faifan ya fito a watan Mayu, sojan Faransa na ƙarshe ya riga ya bar ƙasar tun Disamba 2023. Wata guda bayan fitowarsa aka karɓe lasin Imuraren daga hannun kamfanin Orano, a watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta mai da SOMAIR, wadda ke haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, mallakar ƙasa. Saboda haka waƙar da aka rubuta a matsayin ƙorafin talaka, ta iso kasuwa a lokacin da maganarta ta zama ta hukuma. Wannan ba ƙaramin tarko ba ne ga mawaƙi, domin mai sukan jiya yana iya wayar gari ya ga an mai da shi maroƙin fada ba da saninsa ba. Mdou Moctar ya yi ƙoƙarin tsallake shi. A hirarrakin da ya yi a 2024 ya bayyana cewa ba ya goyon bayan juyin mulki, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Hujjar da yake yawan kawowa ita ce wadda ya gani da idonsa a Arlit: ƙasar da ma'adininta ya shekara 50 yana haska biranen wasu, alhali wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai na 'ya'yanta ke da lantarki. Mai rumfar caji na Tama bai karanta wannan a jarida ba. Da shi yake cin abinci.

Sai dai waƙar farko ba Faransa take tuhuma ba, masu mulkin Afirka take tambaya, kuma ba ta ware farar hula ko mai kaki ba. Wanda ya ɗauki "Oh France" ya bar ta, rabin faifan ya saya.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafar Adar kai tsaye. "Imouhar" kira ne ga Abzinawa da kada su saki Tamajak, kuma mawaƙin ya sha kokawa cewa masu iya rubutun Tifinag suna ƙarewa. A bakinsa Faransanci ne abin tsoro. Amma gaskiyar da ke ƙasa a wannan yanki ta ɗan bambanta. Kel Geres na wajen Madawa da Arzarori, da Lisawan na Kaita, sun yi ƙarnuka suna zaune cikin Hausawa, ana auratayya, ana cin kasuwa guda, kuma a gidaje da dama harshen da ya maye gurbin na kakanni ba na lakkol ba ne, Hausa ce. Tun daga Maris 2025 kuma, dokar sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Bahaushe yana da dalilin yin murna. Yana kuma da dalilin ya saurari wannan waƙa da kunnen wanda inuwarsa ta fara rufe shukar maƙwabci, ko da bai yi niyya ba.

Wa ke saye, wa ke ji?

A nan ne raunin faifan yake, kuma ba ƙarami ba ne. Waɗanda ke sayensa, su cika dandali a Turai da Amurka, har da babban bikin Coachella na Kalifoniya inda ƙungiyar ta yi wasa a 2024, ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamajak. Jitar suke ji. Fassarar tana nan ga mai son karantawa, amma mutum ba ya karatu yana tsalle. A wurinsu fushin ya zama ɗanɗano, kamar yaji a tsire. Waɗanda kuma za su gane maganar ba tare da tafinta ba, kuɗin faifan roba guda a can ya fi abin da da yawansu ke samu a mako, kuma sauraro ta intanet yana cin kuɗin waya da ba kowa ke da shi ba. In ma waƙar ta iso ta katin memori, an haɗa sautinta ne domin manyan akwatuna. A ƙaramar lasifikar salula, bas ɗin Coltun ya ɓace, gangunan su koma kamar ana zuba tsakuwa a kwano, muryar kuma, wadda dama an tura ta bayan jita, ta nutse. Anar da aka yi a Sakkwato da kayan aiki marasa tsada ya fi dacewa da aljihun makiyayi, domin don salula aka yi shi, muryar tana gaba tana sheƙi.

Kada a yi gaggawar ɗora wa mawaƙin laifi. Kasuwar gida ta ba shi suna, ba ta ba shi ko dala ba. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, amma babu ma'aikacin da zai iya bin kowace rumfa daga Madawa zuwa Kaita yana ƙidayar waƙoƙi, kuma ko ya iya, mai rumfar ba shi da rarar da zai biya. Abin da ke ciyar da mai jita a gida shi ne biki da taron siyasa, su kuwa waɗannan ba su son sabon abu. Wanda ya biya kuɗin kiɗa yana son waƙar da amarya ta sani. Gasar Ɗan Gurmu, da aka kafa a shekarun 1980 da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, ta fito da mawaƙa da dama, amma kyauta ta rana ɗaya ce. Duk mai son ya gwada abin da ba a saba ba, dole ya sami wanda zai ɗauki hasarar in gwajin bai ci ba, kuma har yanzu irin wannan mai kuɗi a ƙetare yake. Haka Bombino na Agadas ya bi, haka 'yan matan Illighadad na kusa da Abalak suka bi. Attajiran Adar da suka gina benaye da kuɗin albasa da na Abijan ba su riga sun ga kiɗa a matsayin haja ba, sai dai abin yi wa liƙi.

Shi dai Mdou Moctar bai yanke igiya ba. In ya dawo gida yana wasa a bukukuwa kamar da, a ƙasa, cikin da'irar jama'a, kuma an san shi da kashe wani abu daga abin da ya samo wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. A 2022 ya fitar da wasu ƙananan kundaye biyu da ya kira Niger EP, waɗanda aka ɗauka a wuraren biki da zaman hira a cikin ƙasar, da ƙurarsu da hayaniyarsu. A shekarar ce kuma ya miƙa waƙoƙin Afrique Victime ga matasan masu kiɗan kwamfuta na Afirka, da dama daga cikinsu na da alaƙa da gidan Nyege Nyege na Kampala, suka wargaza su suka sake ginawa a kundin Afrique Refait, wanda ya fi Jana'izar Adalci nisa da kunnen mai sauraro na kullum.

Zaman dole da suka yi a Amurka a 2023 ya haifar da wani faifan. Da yake ba su da hanyar gida, kuma hankalinsu yana can, sai suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn suka zauna a ɗaki guda, suka sake ɗaukar waƙoƙin Jana'izar Adalci, a wannan karon da jita marar wuta da kiɗan hannu, ba kukan lasifika, ba sukuwa. Matador ya fitar da shi ranar 28 ga Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice, wato Hawayen Zalunci. Waƙoƙin su ne dai na jiya, amma a nan kowace kalma tana fita sarai, kuma ƙaramar salula tana iya ɗaukar su. Amshin da ake ji a bayan muryarsa ba a Brooklyn aka yi shi ba. Da hanya ta buɗe suka dawo, Ahmoudou Madassane ya zo da ƙaramar na'urar ɗaukar murya, ya tara wasu Abzinawa a nan Nijar suka amsa, aka aika da muryoyinsu New York aka ɗora.